Juyi Tara A Daƙiƙa Guda

Ɗana, a kakar da ta wuce na tsaya a wata masussuka a gefen hanyar da ta tashi daga Ƙauran Namoda ta nufi Shinkafi, ina kallon samari suna casar dawa da tantan. An kafa injin casa, an haɗa shi da bayan motar, ƙura da ƙaiƙayi sun turnuƙe wurin. Wani yaro da bai wuce shekara 17 ba yana ɗauko dami daga wannan gefe yana kai wa mai zubawa a wancan gefe. Maimakon ya zagaya, sai ya riƙa tsallake ƙarfen da ke juyi tsakanin tantan da injin, kamar mai tsallake kwata. Na ƙirga masa tsallake 11 kafin haƙurina ya ƙare, na ɗaga wa direban hannu ya kashe mota. Ƙarfen tsirara yake, babu kube. A bakinsa an soka wata doguwar ƙusa an lanƙwasa kanta, a madadin fil ɗin da ya ɓace. Yaron kuma ya naɗe fuska da rawani saboda ƙaiƙayi, jelar rawanin tana reto a ƙirjinsa.

Ban yi masa faɗa ba, domin ni ma na yi irin tsallaken nan da ƙuruciya, kuma ba wayona ne ya fisshe ni ba. Abin da na gaya masa a tsaye a cikin ƙura shi nake so in gaya maka a zaune.

A bayan tantan, ƙasa da mazaunin direba, akwai wani guntun ƙarfe mai tsaga-tsaga da ya leƙo waje. Makanikai suna ce masa PTO. Ta nan ƙarfin injin motar ke fita ya tafi ga injin casa, ko famfon feshi, ko injin yankan ciyawa, ko na dagargaza ƙasa a fadama. Dogon ƙarfen da ke haɗa su shi ne shaf, wasu su ce farfela saboda kamanninsa da na ƙarƙashin babbar mota. Kamfanin International Harvester na Amurka ne ya fara fito da tantan mai wannan baki a kasuwa a shekarar 1918, kuma a 1927 injiniyoyin ƙasar suka tsayar da ma'auni ɗaya don kayan wannan kamfani su shiga motar wancan. Shi ya sa Massey Ferguson ɗin da ke yawo a gonakin Moriki, da tsohuwar Steyr da aka haɗa a Bauchi, da Mahindra ta Indiya, duk bakinsu ɗaya ne: tsaga 6, juyi 540 a minti. Manyan motoci suna da wani mai tsaga 21 da ke juyi 1,000.

Ka ɗauki 540 ka raba da 60. Juyi 9 ke nan a daƙiƙa guda. Idan kaurin shaf ya kai inci 3, duk abin da ya kama zai naɗe kusan mita 2 nasa a wannan daƙiƙar. Hannun rigarka bai kai mita ɗaya ba. Lafiyayyen saurayi da ya yi barci ya ƙoshi yana bukatar wajen rabin daƙiƙa kafin ya ji an fizge shi har ya yunƙura ya janye, kuma kafin nan ƙarfen ya juya sau 4 ko 5, riga ta ƙare, an kai ga fata. Tantan irin MF 375 ƙarfin doki wajen 75 gare ta. Nauyin mutum a wurinta bai kai na buhun masara ba, ko sautin injin ba zai canza ba.

Na ga wannan da idona, shi ya sa ba na iya yin shiru. Muna samari, ni da wani abokina muna koyon aiki a hannun maigida ɗaya, aka kai mu casar shinkafa a fadamar Shinkafi. Da sanyin safiya ne, lokacin hunturu, kowa ya ƙudundune. Abokin nan nawa ya fi ni ƙwarewa nesa ba kusa ba. Shi maigida ke bar wa mota idan zai tafi masallaci. Ya yafa wani tsohon mayafi a kan rigarsa. Injin ya fara wani ƙara, sai ya sunkuya ya kasa kunne ya ji ko kuros ɗin da ke mahaɗar shaf ne ke kuka. Ina riƙe da buhu, tsakanina da shi bai fi taku 4 ba. Ban ji ihu ba. Abin da na ji kamar an yaga sabon yadi ne, sannan wani bugu a jikin tayar baya. Kafin direba ya kai hannu ga makulli komai ya ƙare. Mayafin da rigar sun naɗe a jikin shaf tamau, har sai da aka sa wuƙa aka yanke su. Allah ya yi da sauran kwanansa, amma hannunsa na dama bai dawo gida tare da shi ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne takalminsa ɗaya da na tsinta a bayan tarin ƙaiƙayi, nesa da wurin, igiyarsa a ɗaure kamar yadda ya ɗaure ta da asuba.

Mutane suka taru suna cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne, kuma mun yi imani da ƙaddara. Sai dai malaman da suka karantar da mu ƙaddara su ne suka karantar da mu cewa ana ɗaure raƙumi tukuna sannan a yi tawakkali. Kuben wannan shaf yana jingine a bayan garejin maigida tun damina. Mu muka cire shi, da hannunmu, saboda yana hana mu kai wa ga wurin zuba giris da sauri. Kuma ka lura, ba sabon shiga abin ya samu ba. Baƙo yana tsoron ƙarfe, yana ba shi hanya. Wanda ya shekara 5 yana tsallakewa lafiya shi ne ke daina ganinsa. Sabo turken wawa, in ji Hausawa.

To mene ne kuben, kuma me ya sa nake kiransa da sunan gidan wuƙa? Saboda aikinsu ɗaya ne. Bututu ne na roba mai kauri, yawanci rawaya ko baƙi, gida biyu da ke shiga cikin juna kamar yadda ƙarfen ke yi, da wata mazurara a kowane kai da ke rufe kuros. Ba a manne yake da ƙarfen ba. Yana zaune a kan wasu zobba na roba masu santsi, ta yadda ƙarfe zai yi ta juyinsa a ciki, kube kuma yana tsaye. Akwai 'yar sarƙa a kowane kai, ɗaya a maƙala a jikin mota, ɗaya a jikin injin, don kada ya bi juyin. Sannan a jikin motar kanta akwai wata rumfa ta ƙarfe a saman bakin PTO, wadda yara ke mayarwa matakala idan za su hau, har ta lotse a cire ta a yar. A Ingila tun 1957 doka ta wajabta rufe wannan wuri, kuma akwai ma'aunin duniya mai lamba ISO 5674 da ake gwada ƙarfin kube da juriyarsa da shi kafin a kai shi kasuwa. Mu a nan babu jami'in da zai bi ka gona a Gurbin Ɓore ya duba. Dubawar taka ce.

Kuma dubawar ba ta da wuya. Kowace safiya, mota a kashe, makulli a aljihunka, ka kwance sarƙar ka murza kuben da hannu. Idan ya juya shi kaɗai, ƙarfen yana tsaye, lafiya lau. Idan ya cije, ko ya ja ƙarfen suka juya tare, to zobban sun mutu ko ƙasa ta cika su, kuma wannan kube ya zama maƙiyi, domin ido zai gan shi a rufe ya saki jiki alhali shi ma naɗewa zai yi. Haka wanda ya tsage ya bar baki kamar haƙoran zarto. Ranarmu ba ta raga wa roba. Shaf ɗin da aka yasar a tsakar gida daga kaka zuwa bazara, rana ta dafa shi, ruwan farko ya jiƙa shi, kubensa zai yi fari ya riƙa ɓarewa kamar busasshiyar ƙwarya. Ka shigar da shi inuwa, ka rataye shi a kan maƙali. Kada ka rataye shi da 'yar sarƙar nan, ba don ɗaukar nauyi aka yi ta ba.

Na san abin da za ka ce. Yawancin kayan da ke zuwa hannunmu na gwanjo ne, sun sha aiki a wata ƙasa kafin su iso, kuma da yawa ba su zo da kube ba. Sabo kuwa sai an aika Gusau ko Kano, ga tsada. Ban musa ba. Amma ka auna kuɗinsa da buhu nawa ne na dawa, sannan ka tambayi wanda ya yi jinyar karaya a asibitin ƙashi na Dala nawa ya kashe a wata guda, ban da gonar da aka bari ba girbi. Idan da gaske kube ya gagara, kuma aikin na tsaye ne irin casa, ka je wurin mai walda ya ƙera maka keji na rodi da langa-langa, mai ƙafafu, wanda za a kifa a kan shaf tun daga mota har injin, a kafe shi a ƙasa, ba ya taɓa ƙarfen ta ko'ina. Bai kai na kamfani ba, amma ya fi tsirara. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a zura bututun ruwa haka kawai a ce an rufe. Wannan zai bi juyin ne, ya fashe, ya watsa wa mutane.

Yanzu bari in juya ga ƙarkon shaf ɗin kansa, domin abu ɗaya ne da maganar kube. Duk inda ka ga kube ya mutu da wuri, ka duba da kyau, ƙarfen ne ba a kula da shi ba. Shaf mai girgiza shi ke cinye zobba, shi ke tsinka sarƙa.

Farkon abin giris ne. A kowane kai akwai kuros mai hannu 4, a cikin kowane hannu akwai ƙananan allurai na ƙarfe da ke birgima. Masu ƙera shaf irin su Walterscheid na Jamus da Bondioli & Pavesi na Italiya suna rubuta lokacin zuba giris a takardar kayansu, kuma ga shaf na gama-gari abin da aka saba shi ne bayan kowace awa 8 ta aiki, wato kullum ke nan a lokacin kaka. A ƙurar masussuka ma bai kamata a tsallake rana ba. Ka goge kan nonon giris kafin ka ɗora famfo, in ba haka ba da hannunka za ka tura yashi ciki. Ka buga har sabon giris ya leƙo ta hannuwan nan 4. Idan uku suka fitar ɗaya ya ƙi, wannan ɗayan a bushe yake, shi zai fara ci. Masu ƙera kube sun bar 'yar kafa daidai kan nonon, ka juya har ta zo saiti. Ba sai an cire komai ba. Da mun san wannan muna samari, ko da mun yi haƙurin nemanta, da labarin fadamar Shinkafi bai faru ba. Bututun da ke shiga cikin juna ma ka zare su lokaci-lokaci ka wanke ka shafa musu giris, don idan suka cije, duk hawa da saukar injin a kan boris ɗin motar zai ƙare.

Sai tsawo. Nan ne samari masu sauri ke yin ɓarna mai tsada. An sayo sabon shaf, an ga ya shiga, shi ke nan a tayar da mota. Idan ya yi tsawo, ranar da aka ɗaga injin ko aka shiga kwari zai tokare, ya tura bakin PTO ciki, ya fasa abin da sai an buɗe bayan mota kafin a gyara. Idan ya yi gajarta, ranar da aka miƙe zai zare, rabin da ke jikin mota ya riƙa dukan iska kamar bulala, kuma duk wanda ke kusa ya shiga uku. Ƙa'idar ita ce ko a inda ya fi miƙewa, gidajen biyu su haɗe da aƙalla kashi ɗaya cikin uku na tsawonsu, a inda ya fi matsewa kuma a bar 'yar rata. Idan za a rage, a yanke daidai wa daida a gida biyun na ƙarfe da gida biyun na roba, a goge bakin da magagari, a share garin ƙarfen. Aikin rabin awa ne. Sauri ya haifi nawa.

Kuros kuma ba ya son karkata mai yawa. Idan za ka kafa injin casa, ka ɓata minti biyu ka daidaita mota har shaf ya miƙe sosai. Idan kana aiki a tafe, ka cire PTO kafin ka yi kwana a ƙarshen kunya ko ka ɗaga injin sama. Wannan ƙaran kaf-kaf-kaf da kake ji a kwana, kuros ne ke gaya maka kwanansa na raguwa. Akwai kuma kuskuren da na sha gani a wurin masu walda, ba don mugunta ba sai don ba a nuna musu ba: shaf ya karye, a ɗinke shi, amma kunnuwan kai biyun ba su kalli saiti ɗaya ba. Irin wannan zai riƙa girgiza ko da sabon kuros aka sa masa, ya kwance notina, ya ci boris. Idan dole sai an yi walda, ka tsaya a kansa ka ga kunnuwan sun yi layi.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne maganar ƙusar tsaro. A yawancin shaf akwai wani ƙaramin bol da aka yi shi musamman don ya karye. Idan dutse ko guntun itace ya shiga injin ya tokare, shi zai tsinke, mota ta ci gaba da juyi ita kaɗai, injin ya tsira. Sai yaro ya ga ya karye sau biyu a yini, ya ce wannan bol ɗin banza ne, ya nemo guntun rodi ko bol mai taurin tsiya ya soka. Ranar da injin ya sake tokarewa babu mai karyewa sai giya, ko kuros ya tarwatse ya yi tsalle. Garin neman gira an rasa ido. Ka sayi irin nasa guda 10 ka zuba a akwatin sifana. Idan kuma naka mai faifan kuloci ne da ke zamewa, ka sani yana yin tsatsa ya manne bayan damina. A farkon kaka a sassauta notinansa a bar shi ya zame na 'yan daƙiƙu, sannan a mayar da su yadda suke. Kada kuma ka ɗora injin 540 a kan juyi 1,000 don aiki ya yi sauri. A agogon mota akwai alamar inda allura za ta tsaya, ka bi ta.

'Yata, ke ma da ke nake. Na ga 'yan mata suna karatun injiniya a kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Ƙaura, wadda aka kafa tun 1983, kuma na ji daɗi. Na kuma ga ƙannenki da iyayenki mata a bakin masussuka da faifai da kwano, suna jiran sheƙa ko kala. Hijabi mai jan ƙasa da gyale da zani su ne abin da ƙarfen nan ya fi saurin kamawa, kuma iskar hunturu tana iya kai masa su ba tare da kin matsa ba. Ba cewa na yi ki ajiye suturarki ba. Ki tsaya nesa, ta gefen da hatsi ke fita, ki riƙe hannun yaran da kika zo da su. Idan aikin naki ne, ki ɗaure komai tamau ki cusa jela ciki. Haka kai ma, ɗana. Babbar riga ta Juma'a ce, kaftani na kasuwa ne. A bayan tantan 'yar shara ko riga mai kama jiki, mazagin wando a cushe, kuma idan ƙaiƙayi ya dame ka takunkumi ya fi rawani.

Ba na mantawa da halin da muke ciki. Kakanninmu sun ga jirgin ƙasa ya iso Ƙaura a 1929 yana kwasar gyaɗa da auduga, noma ne ya kafa garuruwan nan, amma yau manomin Zurmi ko Shinkafi yana aiki ne ido ɗaya a kan dami ɗaya a kan daji. Kowa so yake a gama a loda a shiga gari kafin la'asar. Wannan gaggawar ita ce ke sa a ce kada a kashe mota, a zare abin da ya toshe tana juyi. To ka tuna wannan halin dai shi ya sa asibiti ya ƙara nisa. Daga Ƙaura zuwa Gusau tafiyar wajen awa guda ce idan hanya ta yi kyau, daga ƙauyukan Zurmi kuwa da yamma wani lokaci sai an jira gari ya waye. Wanda jini ke zuba ba ya jiran wayewar gari. Don haka komai ƙanƙantar abin da za ka taɓa, ka cire PTO, ka kashe mota, ka zare makulli ka sa a aljihunka, ka jira gangar injin ta tsaya da kanta, domin tana ci gaba da juyi bayan an kashe. Cire giya kaɗai bai isa ba. Akwai motocin da bakinsu ke ɗan juyawa ko an cire, kuma akwai yaron da zai hau ya taɓa abin da bai sani ba.

Kowa da ke wurin, har mai ɗinkin buhu, a nuna masa inda ake kashe motar kafin a fara aiki. Idan abin da ba a fata ya auku, kashewa ce farko. Kada a ja mutum, kada a sake tayar da mota wai don ta warware shi. A yanke tufafin, a danne inda jini ke fita da tsumma mai tsabta da ƙarfi ba sassautawa, a nufi asibiti kai tsaye. Maɗori yana da ranarsa, amma ba wannan ba ce.

Kai kuma mai gona da ka ɗauko haya, kana da baki. Kuɗinka ne, gonarka ce, kuma 'ya'yanka da na maƙwabta ne ke ɗaukar dami. Idan mota ta zo da shaf tsirara, ka ce a rufe ko a kafa shinge kafin a fara. Direba zai yi gunaguni ranar farko. Idan mutum uku suka faɗa masa haka a mako guda, maigidansa zai aika Gusau.

Bayan kwana 8 na sake bi ta masussukar nan a hanyata ta zuwa kasuwar Shinkafi ranar Alhamis. Sun matsa gonar gaba. An kifa wani keji na rodi a kan shaf ɗin, waldar ba ta yi kyau ba amma ya tsaya da ƙafafunsa, kuma yaron yana zagayawa ta gaban mota da daminsa, yana ta tsaki saboda nisa. Na leƙa ta tsakanin rodin, sai na ga ƙusar nan mai lanƙwasasshen kai tana nan inda take. Na sa aka kashe mota, na laluba aljihun gaba na ciro fil ɗin da na saya musu a Ƙaura, na miƙa wa direban, na tsaya har ya sa shi.